Sharhi kan gyaran wayar altaneta a motar da aka ƙara wa kayan sauti

Motata Toyota Corolla ce ta 2005, kuma tun bara aka ɗora mata amfilifaya mai wat 1000 da babbar wufa a but. Da farko fitilun gaba ne suka riƙa dusashewa duk sanda kiɗa ya yi nauyi. Daga baya warin roba mai ƙuna ya fara shigowa, fitilar batir kuma tana kawowa tana ɗaukewa a dashbod. Wani abokina ya nuna mini wani mai wayarin a nan Kano, kuma aikinsa ne nake son in yi bayani a kai, domin ya cancanci a faɗa.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai cire kan batir ba alhali inji na aiki. Masu gyara da yawa da haka suke gwada altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, wai in mota ba ta mutu ba to tana caji. Wannan ɗabi'a tana da haɗari, domin batir shi ke daidaita wutar, in aka cire shi tana iya hauhawa ta lalata altanetar ko kwamfutar motar. Shi mita ya ɗauko. Batir a kashe ya nuna bolt 12.2, alhali cikakke yana kai 12.6. Da aka tayar da inji, bakin altaneta yana ba da 14.2, amma abin da ke isa batir bai kai 13 ba in an kunna fitilu da kiɗa. Ya juyo ya ce, "Yallaɓai, altanetarka lafiyarta ƙalau, a hanya wutar take zubewa." Da wani ne, da tuni an aike ni sayen sabuwar altaneta.

Da ya zare robar da ke rufe bakin wayar da ta tashi daga altaneta zuwa batir, sai ga ɓarnar a fili. Notin da ke riƙe da ita ya yi sako-sako, rufin ya narke kusan taƙi guda, silallan jan ƙarfen sun yi baƙi, wasu sun tsinke. Bayaninsa a taƙaice ne kuma ya shiga kaina. Haɗin da bai ɗauru ba yana hana wuta wucewa, wutar da ta kasa wucewa tana komawa zafi, zafin kuma yana ƙara sassauta haɗin. Ita wayar kamfani an auna ta ne daidai da buƙatar motar kanta. Amfilifaya irin tawa kuwa in an ƙure ta tana iya jan amfiya 80 ko fiye, wato kusan duk abin da altanetar ke iya bayarwa.

Na tambaye shi ko za a yanke inda ya ƙone a murɗa a naɗe da salatif. Ya ƙi. Ya ce waya mai ɗaukar wuta haka ba a yi mata ɗori da murɗi, kuma ko dalma ba ya so a wurin, saboda zafin inji da girgiza suna karya wayar daidai inda dalmar ta tsaya. Ya yanke har inda jan ƙarfen ya fito fes, ya sa sabon baki ya matse shi da abin matsa irin na haidirolik, ya rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Sannan ya ja wata sabuwar waya mai kauri, lamba 4, daga altaneta zuwa batir, ta bi gefen ta asalin, da nata fiyus dab da batir. Ya jaddada maganar fiyus ɗin sosai. Wayar da ke haɗe da batir in ta goge ta taɓa jikin mota babu fiyus, gobara ce kawai. Ya kuma ƙara kaurin wayoyin at guda biyu, wato masu mayar da wuta ta jikin mota, ta batir zuwa jikin mota da ta inji zuwa jikin mota, bayan ya kankare fenti har ƙarfe ya bayyana, domin wutar da ta tafi dole ta sami hanyar dawowa mai faɗi iri ɗaya.

A kan wayar kanta muka ɗan daɗe. Ya aiki yaronsa kasuwar Ƙofar Ruwa ya kawo iri biyu, ya kankare bakin kowace da wuƙa a gabana. Ɗaya ja ce har ciki, ɗayar kuwa fari ne ya leƙo, alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. A hannu ma ba ta da nauyi. Sauƙin wucewar wuta a alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 ne na jan ƙarfe mai kaurinsa, ga saurin cinyewa a bakin haɗi. Kuɗinta ƙasa yake sosai, amma araha ba ta ado, na ɗauki ta jan ƙarfen zalla.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Bai faɗa mini jimillar kuɗi tun farko ba, sai da aiki ya yi nisa, kuma ya fi abin da na zo da shi. Wurin ba inuwa, jira ya yi tsawo saboda yana haɗa motoci da yawa a lokaci guda.

Bayan gyaran, tazarar wuta tsakanin altaneta da batir ta sauko zuwa bolt 0.2, warin ya tafi, fitilar dashbod ba ta sake kawowa ba, wayar kuma ɗumi kawai take yi bayan doguwar tafiya. Fitilun gaba suna ɗan motsi har yanzu in ina tsaye a cunkoso na ƙure sauti. Ya faɗa mini haka tun kafin in bar wurin, cewa waya ba ta ƙara wa altaneta ƙarfi, in ina son wannan ya tafi sai na sa babba ko in rage murya in inji na silo. Ya kuma ce in dawo bayan wata guda ya sake duba matsin notin, ba tare da na biya komai ba.