Kafin Sayar Da Gida: A Kai Kaya Sito Ko A Rabu Da Su?

Masu shirin sa gida a kasuwa sun sha tambayata: kayan da suka cika ɗakuna, a kama hayar sito a zuba, ko a rabu da su kawai? Rage su dai dole ne, don mai saye faɗin ɗaki yake son gani, ba kujerunka ba.

Ta fuskar kuɗi, sito yana cin haya duk wata, ga kuɗin mota sau biyu, kaiwa da ɗaukowa. Idan ciniki ya ja lokaci, hayar tana iya fin darajar kayan. Sayarwa kuwa tana kawo ɗan abu, sai dai masu saye suna gane mai gaggawa, su taya da arha.

Wajen sauƙi, sito ne a gaba. Rabuwa da kaya sai an zauna an tantance su ɗaya bayan ɗaya, an kuma shawo kan iyali, wanda shi ne ainihin aikin.

Haɗari yana ko'ina. Danshi a sito yana lalata katifa da littattafai, ya kumbura katako. Abin da aka kyautar kuma ba ya dawowa. Takardun gida da hotunan iyali dai kada su bar hannunka.

Wanda ya riga ya san gidan da zai koma, kuma kayansa masu tsada ne, sito ya fi dacewa da shi. Mai komawa ƙaramin gida ko gari mai nisa, gara ya rabu da su tun yanzu.