Hutu a Dahab ta Ƙasar Masar: Garin Ya Burge, Tsarin Tafiyar Yana da Gyara

Mutanen Kano sun san Masar ta fuskar asibiti da karatu a Azhar da sarin kaya, amma ba kasafai ake jin wani ya tafi can domin hutu a bakin teku ba. Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye na nan cikin gari ne ya haɗa mana zuwa Dahab, ƙaramin gari a Kudancin Sina'i da ke gaɓar mashigin Aƙaba, inda ake hango duwatsun Saudiyya a ƙetaren ruwa. An tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Alƙahira, aka sake jirgi zuwa Sharm el-Sheikh, sannan mota ta ratsa da mu hamada da duwatsu na kimanin kilomita 90.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba sai an shiga jirgin ruwa ake ganin murjani ba, domin a wurin da ake kira Lighthouse mutum yana takawa ne daga gaɓa ya tarar da kifaye kala-kala a gabansa. Ga wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne dam ɗin Tiga, wannan sauƙi ne babba, kuma mai koyar da nutson da aka haɗa mu da shi mutum ne mai haƙuri, wanda bai bar kowa ya nutsa ba sai da ya tabbatar ya iya numfashi da tukunyar iska a ruwa marar zurfi. A Blue Hole, wani rami a cikin teku da zurfinsa ya haura mita 100, iyo kawai ya yarje mana a sama, saboda akwai wata kafa a zurfin kimanin mita 55 wadda masu nutso da dama suka halaka wajen ƙoƙarin ratsa ta. Na yaba masa a kan wannan tsauri.

Wasan hawa allo mai ƙyalle da iska ke turawa kuwa a wani sashe na gaɓar tekun da ake kira Laguna ake yin sa, kuma iskar arewa ba ta cika yankewa ba, sai dai sabon shiga ya shirya wa yawan faɗawa ruwa.

Inda kamfanin ya yi sakaci shi ne sanya hawan Jabal Musa a daren ranar da aka yi nutso. Tsayin dutsen mita 2,285 ne, kuma hawa sama ko shiga jirgi jim kaɗan bayan nutso yana iya sa iskar naitirojin da ta taru a jiki ta yi kumfa a cikin jini. Mai koyarwar ne ya dage sai da aka ɗaga hawan, muka kuma ga fitowar rana daga ƙololuwa tare da ziyartar gidan ibadar Kiristoci na Saint Catherine, wanda aka gina tun ƙarni na 6.

Abinci ba matsala ba ne, ga gasasshen kifi da shayin Badawiyyai, ga masallatai a kusa, ko da yake mai tafiya da iyali ya san cewa shigar baƙi a bakin ruwa ba irin tamu ba ce. Mai neman katafaren otal ya tsaya a Sharm. Wanda kuma zai je Dahab ya karɓi jadawalin tafiyar a rubuce tun daga Kano, ya tabbatar an bar aƙalla kwana guda tsakanin nutso da hawan dutse ko jirgin dawowa.