Horon gemba ga manajoji: kwana biyu a kamfanin casar shinkafa

A watan jiya kamfaninmu na casar shinkafa da ke Sharaɗa a Kano ya ɗauko wasu masu ba da horo, domin su koya wa manajoji da shugabannin sassa tsarin da Japanawa suke kira gemba, wato ainihin wurin da ake yin aiki. Tsarin ya yi suna ne a kamfanin Toyota, inda wani babban injiniyan kamfanin, Taiichi Ohno, wanda ya rasu a 1990, kan zana da'ira da alli a ƙasa ya tsayar da injiniya a ciki na sa'o'i, har sai ya gano ɓarnar da ke faruwa a gabansa.

Mu ma haka aka yi mana, kuma a nan ne kuɗinmu ya biya. Aka tsayar da ni kusa da injin ɗinke buhu, aka hana ni ba da umarni ko gyara wa kowa, sai kallo da rubutu. Na daɗe ina ɗora laifin jinkirin lodi a kan 'yan dako, amma da idona na ga mai ɗinki yana barin injin ya tafi sito karɓo zare, alhali buhuna suna taruwa a kan sikeli, motoci kuma suna jira a waje. Da muka bi ƙa'idar Ohno ta maimaita tambayar "me ya sa" har sau 5, sai ta bayyana cewa ni ne na hana a ajiye zare a wurin saboda gudun sata. Babu rahoton da ya taɓa kawo wannan matsalar ofishina.

Sai dai horon yana da naƙasu. Takardunsa duk da Turanci suke, misalansu kuma na masana'antar motoci ne, ba ruwansu da ɗaukewar wuta ko damshin shinkafa a damina. Abin da ya fi damuna shi ne ba a sanar da ma'aikata manufar tsayuwarmu ba, har wani dattijo ya tambaye ni, "Ranka ya daɗe, korar mutane za a yi ne?" Mutumin da yake tsoro ba zai nuna maka inda aiki yake cijewa ba.

Duk mai niyyar ɗaukar irin wannan horo ya gindaya sharaɗin a fara yi wa ma'aikata bayani da Hausa, sannan masu horon su dawo bayan wata guda su duba abin da aka gyara, domin namu sai da muka sake biya kafin su dawo.