Bluegill da karfasa: kama ce kawai, ba dangi ba ne

Ɗan'uwa da ya turo hoton kifin da Amurkawa ke kira bluegill, yana tambaya ko karfasar tasu ce, kuma ko za ta yi kiwo a nan: kama da wane ba ta wane. Faɗin jikin da ƙayar bayan ne suka ruɗe ka. Shi bluegill ɗan dangin Centrarchidae ne, asalinsa tafkuna da rafuka masu kwanciyar ruwa na gabashin Arewacin Amurka, daga manyan tafkunan iyakar Kanada zuwa kwarin Misisifi. Karfasa kuwa 'yar dangin Cichlidae ce, gidanta kogunan Nilu da Neja da Tafkin Chadi.

In suna hannunka, dubi hanci. Karfasa ƙofa ɗaya gare ta a kowane gefe, bluegill biyu. Sannan yana da baƙin tabo a ƙarshen marfin da ke bayan idonsa, wanda masunta can ke ce wa kunne.

Wurin haihuwa ne bambancin ya fi fitowa. Dukansu namiji ke share rami a ƙasan ruwa. Amma karfasar Nilu, macen ce ke kwashe ƙwan a baki, ta haƙura da ci har 'ya'yan su fara iyo. Macen bluegill tana zubawa ta kama gabanta, ta bar namiji yana gadi, yana yi wa ƙwan fifita da jela, ramukan jere kusa da juna a ruwa mara zurfi. Har akwai ƙananan maza da ke yin shiga irin ta mata don su yi satar barbara, mai gida na kallo.

Abincin bluegill ƙwari da tsutsotsinsu da ƙananan dodon koɗi. Ita karfasa ta fi dogara da gansakuka. Yana wuce hunturu a ƙarƙashin ƙanƙara, ita kuwa ruwa ya sauka wajen digiri 11 a ma'aunin Celsius, mutuwa ce.

Maganar kiwo, ni ban ga riba ba. Mafi girman da aka taɓa kamawa da ƙugiya, a Alabama a 1950, kilo 2.15 ne, yawancinsu ba su wuce tafin hannu. Shi ma yana cika tafki da haihuwa ya tsumbure, matsalar da muke fama da ita da karfasa har muke zuba mata tarwada don ta rage yawan 'ya'yan. Ga kuma ɓarna: a 1960 Yarima Akihito ya kai shi Japan daga Chicago, ya yaɗu har Tafkin Biwa yana cinye ƙwan kifayen gida, sai da Akihito, yana sarki, ya fito a 2007 ya nuna takaicinsa.