Na ba wani tsohon maƙeri a Ingila aikin bindigar farauta irin ta da, ga yadda muka kaya

Duk wanda ya ga bindigar nan tambayarsa ta farko ita ce wai gado na ci ko a gwanjo na saya. To ba tsohuwa bace jama'a, sabuwa ce fil, an dai yi ta ne a fasalin na shekara ɗari baya, kuma wata 16 cur na yi ina jiranta alhali wata 9 muka yi da mai aikin. Zan faɗi abin da ya burge ni da abin da ya ɓata min rai, sunansa kuma zan bar shi saboda akwai ƙorafi a ciki kuma dattijo ne.

Kakana maharbi ne, Allah ya jiƙansa. Bindigar toka gare shi, irin wadda ake ɗura albarushi ta baki, kuma abin da na fi tunawa ba ƙararta bane, ƙotarta ce, ta yi baƙi ta yi santsi daidai inda hannunsa ke kamawa. Shi ya sa da na fara farautar barewa a nan na shiga shagunan bindiga na ga kusan duk ƙotar roba ce sai raina bai kwanta ba. Suna harbi daidai wallahi ban musa ba, ga sauƙin kuɗi, ruwan sama ma bai dame su ba, amma in ka riƙe ba ka jin komai.

Abin da nake so shine fasalin Rigby. Kamfani ne da ya fara a Dublin a 1775 daga baya ya koma Landan, kuma su ne suka riƙa karɓo injin bindiga na kamfanin Mauser daga Jamus suna yi masa ƙota da bututu irin na Ingila. Harsashin da Jamusawa ke kira 7x57, wanda ya fito a 1892, shi suka sa wa suna .275 Rigby. Irin wannan bindigar aka ba maharbi Jim Corbett kyauta a Indiya bayan ya kashe damisar Champawat a 1907, wadda aka ce ta ci mutum 436, kuma da ita W.D.M. Bell ya yi yawancin farautar giwarsa a gabashin Afirka. Har yanzu kamfanin yana nan yana aiki amma kuɗinsu ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, sai wani abokin farauta ya haɗa ni da wannan dattijon, shi kaɗai yake aiki a wani ɗan shago bayan gidansa a ƙauye can arewacin Ingila.

Abin da ya fara tambayata tun kafin na zauna shine takardata. A nan sai da lasisin 'yan sanda, shekara 5 yake yi, sai ka kawo mutum biyu da za su tsaya maka, 'yan sandan su zo gida su duba akwatin ƙarfen da za ka kulle ta, kuma girman harsashin da kake so sai an rubuta shi a jikin lasisin tukuna. Ya ce in je in ƙara .275 sannan in dawo. Wannan ya sa na yarda da shi.

Injin da ya samo min Mauser 98 ne na asali, tsohon na soja, ƙirar Paul Mauser da sojan Jamus suka ɗauka a 1898. Bindiga ce mai sakata, ka ɗaga hannun ka ja baya ka tura gaba. Ya nuna min dalilin da ya sa maharba ba su rabu da ita har yau, akwai wani dogon ƙarfe kamar farce a gefen sakatar da yake cafke gindin harsashi tun yana fitowa daga gidansa, baya saki har sai ya jefar da kwanson, don haka ko ka karkata ta ko kana cikin sauri da wuya ta sarƙe maka. Ya goge shi ya gyara hannun sakatar yadda madubin hange zai zauna, ya sa sabon bututu, kunamar ma ya canza don ta soja tana da jan tsiya kafin ta tashi.

Amma inda kuɗina ya halatta masa ita ce ƙota, kuma nan zan daɗe. Ya fito da katako guda shida na icen walnut ya jera a ƙasa, ni kuma idona ya tafi kan wani mai zane kamar hayaƙi, kyakkyawa sosai, sai ya girgiza kai ya jiƙa shi da ɗan ruwa ya nuna min yadda jijiyar icen ta karkace daidai wajen da hannu ke kamawa, wurin da ya fi siranta, ya ce nan zai tsage wata rana. Ya zaɓa min wani na Turkiyya wanda bai kai wancan ado ba amma jijiyarsa ta miƙe sak daga wuya har gaba, kuma ya fi arha, ka ga da mai son kuɗi ne da wancan zai tura min. Daga nan ya auna ni kamar tela, tsawon hannu, faɗin kafaɗa, inda kumatuna ke sauka, har ya ce in zo da rigar sanyin da nake fita daji da ita saboda kaurinta yana canza awo. Sau uku na koma ƙotar tana fara ba a shafa mata komai ba, in ɗaga ya duba ya ɗan kankare in sake ɗagawa. A zuwa na uku ya ce in rufe ido in kai ta kafaɗa sannan in buɗe, ina buɗewa na ga saitin gaba zaune cikin na baya ba tare da na motsa kai ba, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi don a take na tuna yadda kakana ke ɗaga tasa ba ya wani neman saiti.

Fenti babu, mai ne kawai yake shafawa da tafin hannu kaɗan kaɗan ya bari ya bushe ya sake, makonni ana abu ɗaya, shi ya sa ba ta ƙyalli irin na kujerun shago, hasken a cikin icen yake. Zanen riƙo kuwa, waɗannan ƙananan layukan da ke hana hannu zamewa, da hannu ya yanka su ɗaya bayan ɗaya. Na sa tabarau na bi su, wuri ɗaya tak na ga layi ya ɗan zarce iyaka a ƙasan gaba, kuma ni hakan bai dame ni ba. Ya sa baƙin ice a ƙarshen gaba da jan roba a gindi irin na da. Ƙarfen kuma tsohuwar hanya ya bi, a bar shi ya yi tsatsa da gangan a dafa a goge a maimaita har ya koma baƙi mai shuɗi shuɗi, ba ya walƙiya balle barewa ta hango ka.

To yanzu ga inda bai kyauta ba. Mutumin nan ba ya ɗaukar waya, saƙo kuma sai ya yi sati uku bai amsa ba, akwai lokacin da na yi wata biyu ban san ko ana aikin ko an ajiye ba, ga rabin kuɗina a hannunsa. Na san wani jinkirin ba laifinsa bane, doka ce duk bindigar da aka sa wa sabon bututu sai an kai ta gidan gwaji a Landan ko Bamingam, na Bamingam tun 1813 yake, su harba ta da harsashi mai ƙarfi fiye da ƙima su buga mata hatimi kafin a miƙa wa mai ita, kuma can ma akwai layi. Amma ai faɗa min zai yi. Kakar farauta guda na rasa ina aron ta mutane. Na biyu kuɗi, mun yi fam 5,500 aka ƙare a 6,300, ya ce mazaunin madubin hange mai cirewa da kuɗin gwaji ba sa cikin lissafin farko, kuma tunda da baki muka yi ba a rubuce ba sai na biya. Na uku da na karɓo ta harsashi na ƙarshe a gidan yana ɗan cijewa in na tura sakata a hankali, sai da na sake tuƙin awa uku na mayar, ya gyara a rana ɗaya bai karɓi ko kwabo ba, ya kuma ba ni haƙuri.

A filin gwaji a mita 100 harbi uku suna taruwa wuri ɗaya da za ka rufe da murfin kwalba, da harsashin dalma da na tagulla duka, wanda ya yi min daɗi tunda masu sayen nama da yawa yanzu ba sa son na dalma. Dukanta a kafaɗa da sauƙi, kuma ta wuce ƙa'idar Ingila ta girman harsashi .240 da ake nema don manyan barewa. Nauyinta dai ya ɗan fi na masu roba, in kana hawan tudu za ka sani.

Fitarmu ta farko da ita da asuba ne cikin yayyafi, barewa ta fito bakin kurmi kamar mita 80, na yi bismillah na ɗaga, saiti ya zauna kamar yadda ya zauna a shagonsa, harbi ɗaya ta faɗi. Da na dawo gida na goge ruwan na ga reshe ya ɗan karce ƙotar ta hagu, na kira shi, wannan karon ya ɗauka, ya ce in ɗiga mai in murza da yatsa in bar ta haka. Wanda zai ba shi aiki ya rubuta komai a takarda ya sa hannu, kuma kar ya sayar da tsohuwar bindigarsa sai sabuwar ta shigo gida.