Tsohon Seiko 5 da na saya a Wunti: abin da na gani bayan wata takwas

Tun ina yaro nake son agogon da babu batir a cikinsa. Mahaifina yana da Seiko 5 da ya sayo a Makka lokacin da ya je aikin Hajji, kuma na sha kara shi a kunne ina sauraron bugunsa. Bayan rasuwarsa agogon ya faɗa rabon yayana, ni kuwa son abin bai taɓa barina ba. Wata takwas ke nan da na samu irinsa a Kasuwar Wunti a nan Bauchi, kullum yana hannuna, don haka yanzu ina da bakin magana a kansa.

Kafin wannan na taɓa ƙonewa. Na ga wani a intanet, fuskarsa kore shar, tana ƙyalli kamar yau aka fito da ita daga kamfani, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Na tura kuɗi, aka aiko mini ta tasha. Kwana tara ya yi ya tsaya. Na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a Wunti, irin masu ɗan teburin gilashi da tarkacen sarƙoƙi a cikin gwangwani. Ya maƙala madubinsa a ido ɗaya, ya kwance murfin baya, ya jima bai ce komai ba, sannan ya miƙo mini madubin.

"Duba da kanka, ɗana. Fuskar nan fenti aka sake mata. Injin na wani agogo ne, gidan na wani. Ga tsatsa nan ta ci gindin ƙafar."

Na duba. Rubutun da ke fuskar ya yi kauri, harafin S ya ɗan karkace, lambar 5 kuma da gam aka manna ta. Irin waɗannan haɗe-haɗen sun cika kasuwa, da yawansu daga Indiya ake shigo da su, ana tattara gawarwakin agogo a yi musu kwalliya. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin mai sayarwar ya rantse mini cewa gangariya ne.

Na ce, "Baba, to ina zan samu na gaske?" Ya ce in ba shi mako biyu. Da na koma sai ya warware wani ƙyalle ya fito da wannan da nake ɗaure da shi yanzu. A kallon farko bai burge ni ba. Fuskar ruwan azurfa ce da ta ɗan koma ruwan madara saboda shekaru, gilashin da 'yan ƙarce-ƙarce, gefen gidan ya sha hannu. Amma da ya buɗe shi, ciki fes, an buga 7009A a jikin injin, murfin baya ma da 7009 lambarsa ta fara, haka kuma ɗan siririn rubutun da ke can ƙasan fuskar. Wuri uku, magana ɗaya. Wannan shi ne abu na farko da ya koya mini.

Na biyu shi ne karanta shekarar agogon. A murfin bayan Seiko akwai lamba mai gurbi shida. Gurbin farko shi ne ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, na biyu kuma wata, inda O ke nufin Oktoba, N Nuwamba, D Disamba. Nawa ya fara da 4N, wato Nuwamba a shekarar da ta ƙare da 4. Da yake injin 7009 ya daɗe ana yinsa kafin 7S26 ya gaje shi a 1996, zai iya zama 1984 ko 1994. Baba ya ce daga ƙirar gidan da sarƙar, shi ya fi ba da ƙarfi ga 1984.

Mutanenmu kan ce irin wannan agogon da jini yake aiki, wai shi ya sa in ka cire shi yake mutuwa. Ba haka ba ne. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai siffar rabin wata da ke juyawa duk lokacin da ka motsa hannu, shi yake wana sifirin ɗin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke tafiyar da komai. Irin wannan agogon ake kira otomatik. Injin yana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau shida a daƙiƙa, shi ya sa siririn hannun da ke nuna daƙiƙa yake tafiya sumul maimakon tsallen da na batir yake yi. Duwatsu 17 da aka rubuta a fuskar kuwa yakutu ne na masana'anta, ana sa su inda ƙarafa ke gogar juna don kada su cinye. Ba su da wata daraja a wurin maƙerin zinariya. Seiko sun fara fitar da wannan jerin na 5 ne a 1963, kuma ɗan kan da ake saita lokaci yana lafe a wajen ƙarfe huɗu, ba ya sukar bayan hannu.

Abin da ya fi ɗaukar raina shi ne tagar kwanan wata. Ranakun suna fitowa da Larabci ko da Turanci, ka zaɓi wanda kake so. Na bar shi a Larabci kamar na mahaifina, tunda Lahadi da Talata da Alhamis ɗinmu duk daga can suka samo asali. Safiyar Juma'a in na duba na ga sunan ranar ya bayyana, sai in tuna hannun tsohon.

Bayan an wanke shi an sa sabon mai, yana ƙara gudu da kamar daƙiƙa 20 a rana. A mako ya haura minti biyu, don haka duk Juma'a kafin in tafi masallaci nake daidaita shi da wayata. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya ɗan dame ni shi ne ba a yi masa wani da hannu. In ya kwana biyu a ajiye ya tsaya, sai ka girgiza shi a hankali kafin ya tashi. Kuma in ka ja kan don saita lokaci, siririn hannun ba ya tsayawa, saboda haka daidaita shi har zuwa daƙiƙa sai da haƙuri. Sarƙar ta asali ce amma ta saki, tana cizon gashin hannu. Hasken da ke jikin hannayen ya mutu tuntuni, da asuba ba ka ganin komai sai ka kunna fitila.

Maganar ruwa ita ce babba a wurinmu, domin sau biyar a rana hannu yana shiga alwala. An rubuta a bayansa cewa ruwa ba ya shiga, amma wancan alkawari ne na shekara arba'in da suka wuce. Baba ya canja robar murfin, duk da haka ya ce, "Cire shi ka sa a aljihu, kada ka gwada." Rana ɗaya na manta a cikin damina, gumi ya taru a cikin gilashin, sai da na koma aka buɗe aka busar. Ƙurar hunturu kuwa ba ta yi masa komai ba. Ya kuma gargaɗe ni kada in canja kwanan wata tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran ciki sun riga sun kama aiki, ana iya karya su.

Yanzu idona yana kan Rado DiaStar, wanda ya fara fitowa a 1962 da gida mai taurin da ba ya ƙarcewa da sauƙi, irin wanda manyan alhazai ke ɗaurawa a da. Jabunsa ya fi na Seiko yawa, kuɗinsa kuma ya ninka sau da dama. An kawo mini biyu a watan jiya, duka na mayar. Ɗaya da aka buɗe injin batir aka samu a cikin gidan da aka rubuta otomatik, ɗayan kuma mai shi ya ƙi yarda a kwance murfin. Baba ya ce akwai wani na gado a Azare da 'ya'yan mai shi ke shawarar sayarwa, bayan Sallah za mu je tare, da madubinsa a aljihu.