Hattara da "matar marigayi" mai kyautar injin Myford

Jama'a, musamman ku masu ɗan ɗakin aiki a zaure ko bayan gida kuna taɓa ƙarfe don nishaɗi, ku tsaya ku ji yadda aka wanke ni, kada a maimaita a kanku.

Shekara huɗu ke nan ina ƙera ƙananan injinan tururi, irin waɗanda za ka ɗora a tafin hannu, ka hura wuta a ƙarƙashin 'yar tukunya, ka ga fistan na kai da komo. Ba ni da injin sassaƙar ƙarfe nawa. Duk sanda nake son a rarake mini silinda sai na je Panteka na jira mai injin ya gama da manyan kwastomominsa, sannan ya dubi guntun tagullata yana dariya. Wanda ya san wannan jiran ya san abin da ya sa na faɗa.

A wani zauren sayar da tsofaffin kayan aiki na Facebook na ga sanarwar. Wata ce, wai Baturiyar Ingila, mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki cike da kaya, ba ta son ko sisi, burinta kawai injin ya je hannun wanda zai riƙe shi da daraja. Kuɗin jigila kaɗai za ka biya. Na duba hoto: injin sassaƙar ƙarfe ne, Myford ML7, ruwan toka, da giyoyinsa rataye a ƙusa jikin bango. A gefen tebur ga wani ƙaramin injin tururi, Stuart 10V, da aka fara ba a ƙarasa ba. Wallahi wannan ƙaramin injin ne ya kashe mini jiki. Na ce a raina, ɗan damfara ina zai san Stuart?

Ga wanda bai sani ba, ML7 shi ne burin duk mai wannan sha'awar. A Beeston kusa da Nottingham aka fara ƙera shi a 1946, aka daina a 1979, kuma har yau ana rububin na hannu. Ba abin da ake bayarwa kyauta ga baƙon da ba a taɓa gani ba ne. Na san haka sarai, amma kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ta haɗa ni da wani "wakilin jigila" a WhatsApp. Ya turo lambar asusu, sunan mutum ɗaya ne, ba na kamfani ba, kuma a nan gida Najeriya. Ya ce ai na ma'aikacinsu ne na Legas. Na tura naira dubu 140.

Bayan kwana uku ya aiko da takardar kaya mai tambari da hatimi, har da hoton jirgi. A layin nauyi aka rubuta kilo 12. Nan gabana ya faɗi. ML7 zubin ƙarfe ne, ya kai wajen kilo 80, ƙarti biyu ma sai sun yi nishi. Ban gama juya takardar ba sai ga sabon saƙo: kaya sun maƙale a hannun kwastan, a kawo dubu 95, da wani kuɗin inshora wai za a mayar mini daga baya.

Sai na koma wurin uwar ɗakin nawa da tambayoyi. Na ce ta karanta mini lambar da aka buga a gadon injin, wadda a ML7 take farawa da harafin K. Ta ce zuciyarta ba za ta iya shiga ɗakin marigayi ba. Na ce to wace wuta yake sha? Ta ce 110. Wannan wutar Amurka ce. Ta gidajen Ingila 230 ce, daidai da tamu. Na roƙi bidiyo na daƙiƙa goma, a rubuta kwanan wata a takarda a ajiye kan injin, a juya bakinsa mai riƙe ƙarfe da hannu in gani. Amsar da na samu ita ce wai na ci mutuncin mamaci. Washegari ta toshe ni.

Ɗana ne ya sa hoton a Google Lens. Ashe daga wani tsohon tallan gwanjo aka kwafo shi. Da muka bi rubutun kuma, sai ga shi kalma da kalma a wasu zauruka, sai dai can marigayin injin walda ya bari, wani wurin kuma janareta.

Akwai ƙanwar wannan damfara da ke yawo a tallace-tallacen intanet: ƙaramin injin ƙirar Sin, irin na Sieg da ake kira 7x14, sabo fil a farashin dutsen guga. Na gaskiyar ya kai wajen kilo 40, kuɗin ɗauko shi kaɗai ya ninka abin da suka rubuta. Za su ba ka lambar bin sawun kaya, a ƙarshe ko a kawo maka 'yar ƙunshin tarkace ko shiru.

In za ka sayi injin hannu, je ka da ƙafarka, ko ka aiki wanda ya san aikin. A kunna shi a gabanka. Ka shafa gadon kusa da baki, nan ne ya fi cinyewa, ka girgiza sandar juyi ka ji ko tana wasa, ka sa a yanka guntun ƙarfe ka auna kai da gindi. Kafin alƙalami kuwa, kada ya bar aljihunka sai idonka ya ga kaya.

Na kai ƙara bankina da hotunan hirar da rasit, sun karɓa sun ce za su bi sawu. Kuɗin dai har yau ba su dawo ba. Shekaranjiya na sake cin karo da sanarwar, an canza suna da hoton matar, amma Stuart ɗin nan yana nan a gefen tebur. In kun gan ta ku kai rahoto, ku kuma sanar da masu kula da zauren su cire ta.